Ƙafafun Sinyora

Ƙarfen sa taya ya sake kuɓucewa daga hannun Mahaman, ya daki ƙasa ya yi tsalle, saura kaɗan ya fasa masa ƙauri. Ya yi tsaki, ya share gumi da bakin riga, ya tsaya yana kallon sabuwar tayar da ta ƙi hawa kan janti, wato ƙarfen ƙafar motar. Rabinta ya shiga, rabi ya tsaya a waje yana ƙyallin ruwan sabulu.

"Isufu, wagga taya ba ta shiga," in ji shi. "Na shafa mata sabulu, na taka ta, na zage ta. In na ƙara ƙarfi bakinta za shi yage."

Isufu yana tsugune a inuwar rumfar faci, bakin hanyar da ke fita daga Madawa zuwa Buza. Tun jiya da aka sauke tayoyin nan huɗu a tasha ya ga lambar da ke jikinsu, ya san haka za a yi. Ya kawo su ne kawai don kada a ce bai gwada ba.

Motar tana gefen rumfar, an ɗora ta kan duwatsu, an cire ƙafafunta duka. Ja ce, gajera, mai ƙofa biyu da rufin tanti da ake naɗewa baya. Ta girmi Isufu. Wani injiniya ɗan Italiya ne ya zo da ita zamanin furojen Keita, wato aikin raya karkara, lokacin da ake jera shingayen dutse ana dasa itatuwa a tsaunukan Adar. Barmo, mahaifin Isufu, shi ne direbansa. Da Nasaran zai koma ƙasarsu sai ya bar masa motar da wasu tayoyin ajiya, ya roƙe shi abu guda: duk abin da ya lalace a canja, amma kada a canja ƙafafun. Sinyora yake kiranta, sunan kuma ya bi ta har garinsu, Tabotaki. Can Barmo ya gina mata ɗaki tun bai gina wa kansa na kirki ba. Kowace Jumma'a yakan tada injinta ya tsaya yana saurare. Tayoyin ajiya suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen suka tsattsage a tsaye, motar ta daina fita.

Yanzu Barmo yana kwance a asibiti nan Madawa. Ciwon suga ya cinye masa ido, ya ci ƙafar hagu har aka yanke ta ƙasan gwiwa. Kwanakin baya likita ya ja Isufu gefe ya ce su kai shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan magana. Barmo ma ya sani, shi ya sa ya kafa sharaɗinsa.

"Ni an yanke tawa," ya ce. "Ita ba a taɓa nata ba. Cikinta za ni koma gida, bisa ƙafafunta na asali. Ku gaya wa Nazir shi aiko mata takalma."

Nazir ƙanin Isufu ne, yana harkar motocin hannu a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ya daɗe bai taka Tabotaki ba. Isufu shi ne ya tsaya gida, shi ke noman gero, shi ke lambun albasa, shi ya ɗoro Sinyora a bayan kamiyon albasa, babbar motar kaya, ya kawo ta nan. Amma in Barmo ya ce "ɗana" bai ƙara suna ba, duk gidan sun san wanda yake nufi.

Mahaman ya sa ƙafa ya ture tayar, ta faɗi gefe. Shi ɗan Biba ne, ƙanwar Barmo, taubashin Isufu, saboda haka ba abin da bakinsa ba ya gaya masa.

"Wai mi aka rubuta ga jantin nan? Ban taɓa ganin ƙafa mai taurin kai irin wagga ba. Halin Kawu ta ɗauko."

"Kat-san," in ji Isufu. "Ɗari huɗu."

"To ai kat-san-kat ke nan, tsohuwar Fijo. Kuma tayarta aka aiko. Ga shi an rubuta, kenz, sha biyar."

"Ban ce kat-san-kat ba. Kat-san na ce. Ba sunan mota ba ne, awon bakin jantin ne. Da milimita suka auna shi, ba da awon da kuka saba ba. Ya fi sha biyar, bai kai sha shida ba."

Mahaman ya riƙe ƙugu. "Tsakanin sha biyar da sha shida akwai wata lamba? Wace lakwal aka koya maka wanga ƙidaya, makarantar awaki?"

Isufu bai yi dariya ba. Ya jawo jantin, ya goge gefensa da babban yatsa har lambar ta fito, huɗu da sifili biyu, a dake cikin ƙarfe. Suna yara, Barmo yakan sa su wanke ƙafafun nan, ya kama yatsan kowannensu ya bi da shi kan lambar. Nazir ne ke riga faɗa, da ƙarfi, sai a ɗora shi kan kujera. Isufu kuwa shi ke turawa daga baya in batir ya mutu.

Wayarsa ta yi kuka. Nazir ne.

"Yaya, sun iso? Sabbi ne fil, ba na hannu ba. Baba ya taɓa su?"

"Sun iso. Mi ka ce wa mai shagon?"

"Na ce mishi kat-san. Ya ce ya gane, kat-san-kat, yana da su ajiye."

"Nazir, Sinyora Fijo ce?"

Isufu yana jiyo ƙarar manyan motoci da kiran mutane da wani yare daga can ɓangaren.

"Kai, Yaya," in ji Nazir a hankali. "Na ɗauka duk tsoffin motocin nan awonsu guda. Wallahi na manta."

"Yaushe za ka taho?"

"Jirgi ya shigo, motocin mutane na hannuna. Mako mai zuwa, in Allah ya so. Bari in nemo wasu in aiko."

"Babu su Kwatano, babu su Yamai. Sai an yi odar su daga Turai, kuma Baba ba shi jiran jirgi. Ya daina cin abinci."

"Don Allah, Yaya, kada ka gaya mishi na manta. Don girman Allah."

Isufu ya kashe wayar. Gaskiya ita ce yana so ya faɗa. Yana so sau ɗaya tak, kafin tsohon ya tafi, ya san wane ɗa ne ya riƙe lambar, wane ne ya bar ta ta zube. Wannan ba buri ne mai kyau ba, Isufu ya sani, amma yana nan zaune a ƙirjinsa.

Mahaman ya shiga bayan rumfa ya turo wata tsohuwar taya. "Ga sez, sha shida. Tunda kenz ta yi kaɗan, mu gwada yayarta."

Wannan ba ta nemi sabulu ba, ba ta nemi ƙarfe ba. Da diddige ya taka ta, ta faɗa kan jantin. Ya zura shambur, robar cikin da ke riƙe iska, ya buga famfo har ta cika. Ta yi kyau a ido.

"Ga ta! Ka gode wa ubangijinka Mahaman, ka durƙusa."

"Rage iskar kaɗan," in ji Isufu.

Mahaman ya rage. Isufu ya danne jantin da gwiwa, ya kama tayar da hannu biyu ya murɗa. Ta juya a kan ƙarfen kamar zobe a yatsan mara lafiya.

"Wannan ba komi ba ne," in ji Mahaman. "Sai in yanka tsohon shambur in nannaɗe bakin jantin har ta kama. Kowa haka shi ke yi."

Ba ƙarya ya yi ba. Kowa haka yake yi. Ana cusa abu inda ba wurinsa ba, in ya zauna na yini guda a ce ya yi, ranar da ya kwance kuma a ce ƙaddara. Isufu ya tuna gangaren duwatsun da ke gaba, inda hanya ke karyawa hagu a kan kwazazzabo. A irin wannan kwana ne taya mai sako-sako ke salluɓewa daga janti gaba ɗaya.

"Ubana za ni kai gida," ya ce, "ba mu biyu a kai mu ba."

"To mu canja ƙafafun. Akwai jantin Fijo wurin mai walda, shi huda ramuka, tayoyin Nazir su hau lahiya lau. Kawu ba shi gani."

"Hannunshi na gani."

Mahaman ya bar zancen. Ya san kawunsa.

Da aka kira azahar Isufu ya yi salla a masallacin bakin hanya, ya wuce asibiti da ƙafa. Zafin bazara ya kori mutane zuwa gindin itatuwa. Masu jinya sun baje tabarmi a inuwar katanga, wasu na dama fura, wasu na firfita. Ƙanwarsa Hafsa, wadda ke kwana da tsohon tun da aka kwantar da shi, ta tare shi a bakin ɗaki da kwanon fura a hannu, ba a taɓa ba.

"Ko kurɓi bai yi ba," ta ce. "Duk motar da ta wuce sai shi ɗaga kai. An gama?"

Ya gaya mata abin da ya faru, a taƙaice. Ta ajiye kwanon a kan taga da ƙarfi har furar ta fantsama.

"To ka gaya mishi mana, Yaya. Ka gaya mishi yadda ta ke. Mu ke wanke miki, mu ke ɗaukar fo, shi kuwa hoto ya ke aikowa cikin waya. Abu guda aka roƙe shi, guda, ya kasa."

"Rage murya."

"Ba ni ragewa. In kai ba ka iyawa, ni in faɗa."

"Ba ki faɗin komi," in ji Isufu, ya shiga.

Barmo yana kwance rigingine, idanunsa a buɗe suna kallon abin da ba ya gani. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Zanen da aka rufa masa ya tashi a ƙafar dama, ya kwanta shafal a hagu.

"Isufu ne. Na ji warin roba," ya ce. "Sun hau?"

"Ana bisa aikin, Baba."

"Kada ka bar Mahaman shi taɓa jantin da guduma. Ɗan Biba hannunshi nauyi gare shi." Ya huta, ya haɗiyi iska. "Sabbi ne?"

"Sabbi ne."

Tsohon ya yi murmushi, leɓɓansa a bushe. "Nazir ya san lambar nan tun bai iya share hanci ba. Kai kuwa sai na maimaita maka, in sake maimaitawa."

Maganar ta taso wa Isufu. Kalmomi kaɗan ne, ya riga ya jera su: kat-san-kat ya aiko, Baba. Ya ji Hafsa a tsaye bayansa tana jira. Bai taɓa yi wa mahaifinsa ƙarya ba, ko yana yaro, ko a ranar da gaskiyar ta jawo masa bulala. In aka tambaye shi kai tsaye ko sun hau, ba zai ce sun hau ba. Ya buɗe baki.

Sai tari ya sarƙe tsohon. Hannunsa ya fita daga zane yana lalube a iska, Isufu ya kama shi. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara. Da tarin ya lafa, Barmo bai saki ba.

"Yau za mu tahi," ya ce. "Ba ni son in sake jin asubar wanga wuri."

"Yau za mu tahi, Baba."

Ya fita bai dubi Hafsa ba.

Da ya koma rumfa ya tarar da Mahaman yana gyara ƙafar wani amalanken jaki. Tayar ta fashe a gefe, ya yanko ɓallin wata matacciyar taya ya shimfiɗa daga ciki ya toshe ramin, sannan ya zura shambur. Isufu ya tsaya yana kallo har mai amalanken ya ɗaure ƙafarsa ya kora jakinsa.

Daga nan ya je inda aka jingine tsoffin tayoyin Sinyora. Ya ɗaga ɗaya ya duba. Jikinta duk tsaga, wani wuri har zare ya fito. Amma bakinta, inda wayar ƙarfe ke kama janti, lafiya lau yake. Ya duba sauran ukun, haka suke. Jiki ya mutu, baki na nan daram, kuma bakin ne kawai ke da awon da babu irinsa a ƙasar nan.

"Mahaman. Abin da ka yi wa mai amalanke, in an yi shi da taya sukutum fa?"

"Kamar ƙaƙa?"

"A yanke bakin wata tayar, a zura jikinta duka cikin wagga. Tsohuwar ta kama janti, ta cikin ta riƙe shambur."

Mahaman ya sosa ƙeya. "Ana yi. Na taɓa yi wa kamiyon itace. Sai dai ana son ta cikin ta fi ta wajen ƙanƙanta kaɗan, kuma mai lahiya. Ina za mu samu huɗu iri guda?"

Isufu ya juya ya dubi tayoyin Nazir. Mahaman ya bi idonsa, ya dafe kai.

"A'a. A'a, wallahi. Sabuwar taya, ko ƙasa ba ta taka ba? Tsohuwa a ke yankawa a gyara sabuwa, kai za ka yanka sabuwa ka gyara gawa? Zahin rana ya taɓa ka. Gwaggonka ta ce tun kana jinjiri ka faɗo daga goyo, yau na yarda."

"Ba ni wuƙa."

"Isufu, ka tsaya. A maida su, a samu wanda ke so."

"Baba ya ce takalman Nazir, ya ce ƙafafun asali. Ba ni wuƙa."

Mahaman ya miƙa masa ita ta ƙota. Isufu ya kwantar da sabuwar taya, ya tsoma wuƙar a ruwa, ya soka ta dab da baki. Da fushi ya yi yankan farko, babu amfanin ɓoye wannan. Ya ja wuƙar kamar mai rama wani abu, robar na kuka, har zoben bakin ya fita ya jefar da shi. Amma roba sabuwa ba ta yankuwa da fushi. Tana son a bi ta a hankali, a jiƙa wuƙa, a bi layi. Kafin ya gama ta biyu hannunsa ya daidaita, numfashinsa ya sauka.

Mahaman ya daina tsiya, ya zauna ya kama aiki. Suka raba kowace sabuwar taya a wuri guda don ta buɗe ta bi cikin tsohuwar, suka fere gefunan har suka yi laushi kada su ci shambur, suka rufe mahaɗin da faci. Manyan tsagogin waje kuwa sai ɗinki. Mahaman ya fito da basilla da zaren da ake zarewa daga cikin taya, suka raba, kowa da biyu. Isufu ya huda, ya zura, ya ja da haƙori, ya ƙulle. Zaren ya yanka masa yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Ta farko ta hau janti da ƙarar da Isufu bai ji ba tun yana saurayi, wani ɗan "ɗas" na abin da ya koma mazauninsa. Ta uku ta cije shambur, iska ta fita, suka kwance suka sake. Da aka kira la'asar Sinyora tana tsaye kan ƙafafunta huɗu. Tayoyin ba su da kyaun gani, duk tabon ɗinki, amma sun cika sun yi tauri.

Mahaman ya zagaya yana dukan kowace da ƙarfe yana saurare.

"Ka ji ni da kyau," ya ce, ba wasa a muryarsa. "Gudun jaki, kada ka wuce. In ta yi zahi ɗinkin za shi buɗe. Ku kwana Buza, da sahe ku ƙarasa. Ina bin ku a baya bisa mashin, da famfo da ƙarfuna."

"Rumfarka fa?"

"Kawuna ne kafin shi zama ubanka. Uwata ta riga ka saninshi."

Injin ya tashi a bugu na biyu. Mutanen da ke zaune bakin hanya suka miƙe. Isufu ya naɗe rufin tantin baya, ya ja motar a hankali har ƙofar asibiti. Tun kafin ya kashe ta ya hango Hafsa ta fito da gudu.

"Ya ji ta," ta ce. "Tun daga kwanar kasuwa ya ji ta. Ya ce a sa mishi hula."

Isufu da Mahaman suka ɗauko shi a tsakaninsu. Da suka iso jikin motar Mahaman ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, Barmo ya ce a'a.

"Ku sauke ni ƙasa. Wajen ƙafar gaba."

Suka durƙusa da shi. Ya miƙa hannu ya sami jantin. Yatsunsa suka bi ramukan, suka bi gefen, suka tsaya kan lambar. Leɓɓansa suka motsa. Daga nan hannun ya zame ya hau kan robar. Isufu ya kalli yatsun suna tafiya har suka taka layin ɗinki, suka ɗan tsaya, suka wuce.

"Tayoyin Nazir fa?" in ji Barmo.

Hafsa ta dubi yayanta. Mahaman ya dubi ƙasa.

"Suna ciki, Baba," in ji Isufu. "Duk huɗun. Bisansu za ka tahi."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Allah shi yi wa Nazir albarka. Na ce muku ba shi mantawa."

Hafsa ta juya baya ta ja gyale ta rufe baki.

"Amin," in ji Isufu.

Suka zaunar da shi a kujerar dama, suka tokare dungun ƙafar da matashi. Hafsa ta ɗauki ƙunshin kaya ta nufi tasha don ta riga su isa ta gyara shimfiɗa. Da za ta wuce ta cusa wa Isufu gorar ruwa a gefen kujera.

Suka fita gari rana ta yi sanyi. Lambunan albasa suka wuce a dama, an tara buhuna a ƙarƙashin rumfunan kara. Barmo ya ɗaga fuskarsa sama, iska na kaɗa gemunsa. Isufu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kunnensa na kan ƙafafun, yana jin ɗan tsalle-tsallen da mahaɗin ciki ke yi a kowane juyi. A madubi yana ganin Mahaman a kan mashin, ya ja baya kaɗan.

Can gaba hanya ta miƙe shimfiɗe, ba rami, ba kowa. Isufu ya saci kallon mahaifinsa. Wannan mutum ne da a zamaninsa ake cewa in ya taso daga Keita, ƙurarsa ba ta kwanta ba ya isa Tawa. Yanzu ga shi a cikin Sinyora ana jan sa kamar mai rakiyar tumaki. Isufu ya ji abin ya tsaya masa a rai. Ya sa hannu kan giya, ya ƙara, ya ɗan taka. Injin ya buɗe murya, iska ta ƙaru. Mahaman ya fara danna oda daga baya.

Sai ya ji hannun tsohon a kan nasa.

"Sassauta," in ji Barmo. "Ɗinki ba shi son gudu."

Isufu ya ɗaga ƙafa. Motar ta koma tafiyarta ta da. Suka yi nisa a haka, sannan tsohon ya juyo da fuskarsa wajen Isufu.

"Wadda na taɓa, wa ya ɗinka ta?"

"Ni ne, Baba."

"Na sani. Ɗan Biba ba shi da haƙurin ja zare haka." Ya yi numfashi mai tsawo. "Kat-san-kat ya aiko?"

Isufu ya dubi hanya. An tambaye shi kai tsaye, kuma yanzu da ƙofar ta buɗe ya tarar ba ya son shiga.

"Sunan ya yi kama, Baba. Cikin waya kowa na iya ruɗewa."

"Hm," in ji Barmo.

Wani amalanken jaki da ke ɗauke da kara ya fito daga wata 'yar hanya, ya jera da su, a hankali ya wuce gaba. Mai amalanken ya waiwayo yana kallon jar motar, ya ɗaga hannu.

"In ya kira," in ji tsohon, "kada ka ce mishi na gane. Ka ce mishi suna ciki. Ba ƙarya ba ce."

"To, Baba."

Barmo ya jingina kai ya rufe ido. Hannunsa yana nan kan na Isufu a bisa giyar. Gaba kaɗan hanya ta fara hawan tudu, injin ya nemi a canja masa giya. Isufu ya bar shi yana nishi, ya hau tudun a haka, bai janye hannunsa ba.